Yaron da aka zaunar a benci duniya na kallo

1/ Jama'a, yau ba maganar Firimiya zan yi ba. Labarin Jalen Hurts zan ba ku, ɗan wasan ƙwallon Amurka, waccan mai kama da ƙwai da ake jifa da hannu. Ku bi ni a hankali.

2/ Matsayinsa kwatabak. Shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya yanke shawara: ya jefa, ya miƙa, ko ya ruga da ita. In an ci shi ake yabo, in an faɗi shi ake zagi. Kuma gurbin na mutum ɗaya ne tak.

3/ A Channelview ta jihar Teksas ya yi sakandare, kocin kuwa mahaifinsa ne, Averion. Wanda ya busa maka usur a fili shi za ka tarar a gida. Ina wurin ɓuya?

4/ A 2016 ya shiga Jami'ar Alabama, hannun koci Nick Saban. Yana ɗan aji ɗaya aka ba shi ragama, abin da rabon da a gani a can tun 1984. Ya kai su wasan ƙarshe, Clemson ta doke su 35-31.

5/ Janairun 2018 suka sake kai wa wasan ƙarshe, da Jojiya. Aka tafi hutun rabin lokaci ana cin su 13-0. Saban ya cire shi ya sa Tua Tagovailoa, ɗan aji ɗaya. Tua ya ciyo kofin, 26-23. Wasa 2 kacal fa aka taɓa cin su Hurts na jagoranci!

6/ Wallahi nan ne labarin ke taɓa ni. Shekara biyu ina tsaron raga a ƙungiyar sashenmu, bana aka kawo wani sabon ɗalibi aka ba shi gurbina. Kuma gaskiya yaron ya iya. Abokai sai zuga ni suke wai in daina zuwa atisaye.

7/ Shi Hurts bai tafi ba. Ya zauna kakar 2018 a bayan Tua, yana atisaye kamar gobe za a kira shi.

8/ Aka kuwa kira shi. Disamban 2018, wasan ƙarshe na gasar SEC, da Jojiya ɗin dai, a filin nan na Atlanta da aka cire shi. Tua ya ji rauni ana cin su. Hurts ya shigo, ya jefa ɗaya, ya ruga da ɗaya. 35-28.

9/ A watan ya karɓi digirinsa, sannan ya koma Jami'ar Oklahoma. Digirin ne ya ba shi damar bugawa nan take, ba sai ya jira shekara ba kamar yadda doka ta tanada a lokacin. A 2019 ya zo na biyu a kyautar Heisman, bayan Joe Burrow.

10/ Mahaƙurci mawadaci, haka ne. Amma ku lura, haƙurin nasa da lissafi: ya zauna har ya kammala abin da ya kawo shi, ya bar wurin ba tare da faɗa da kowa ba.

11/ Ni dai ina nan ina zuwa atisaye. Waɗanda aka taɓa ajiye ku a benci, a fili ko a aji ko a wurin aiki, zama kuka yi ko tafiya? Ku faɗa min.