Ajin Share Fage a Bayan Ganuwar Zazzau

Wanda ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka ya nufi fada ba zai rasa zanen da zai kalla ba. Yana nan a fuskar ƙofar gidan Sarkin Zazzau da launukansa masu ɗaukar ido, yana nan a bangon tsofaffin zaurukan da damina da siminti ba su gama cinyewa ba. A cikin tsohon Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, ginshiƙai na ɗauke da adon da aka fitar da hannu tun ƙasar tana ɗanya. A garin nan ne kuma ɗaliban kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958. Ni dai ƙananan masu zane ne suka kawo ni, 'yan shekara huɗu da biyar, a ajin share fage na wata firamare da ke cikin lungu.

Ɗakin mai rufin kwano ne, tagoginsa na katako a buɗe, an ture bencina gefe an shimfiɗa tabarmi. Yara sun yi rub da ciki, wasu da guntun fensir, wasu da alli a kan daɓe. A bango malama ta lilliƙa takardun da suka zana. Kusan duk hoto ɗaya ne: ƙaton kai, idanu biyu manya, sai ƙafafu biyu da suka zarce ƙasa daga haɓa. Babu wuya, babu ciki. Hannu, in an samu, daga kunne ya tsiro. Ka tambayi mai takardar, zai ce maka Baba ne, kuma bai ga abin da ya rage ba.

Iyaye ne ke ganin abin da ya rage. Da an kaɗa ƙararrawar tashi sai uwaye da yayye su taru a bakin aji, kuma kokensu kusan iri ɗaya ne. "Malama, yaron nan har yanzu jagwalgwalo yake yi." Wata ta ce 'yar maƙwabciyarta da ke makarantar kuɗi tana rubuta ɗaya zuwa ɗari, nata kuwa ko da'ira ba ta rufuwa. Wata ta ce ɗanta ya dunƙule fensir a hannu ya ƙi sakewa. Tsoronsu na gaske ne, domin kuɗin littafi da na yunifom ba daga sama suke faɗowa ba, kuma kowace uwa tana gudun ranar da za a ce ɗanta daƙiƙi ne.

Abin da ya kamata su ji shi ne, wannan mutumin marar ciki ba na Zariya kaɗai ba ne. Rhoda Kellogg, malamar ƙananan yara a San Faransisko ta Amurka, ta tara zanen yara kusan miliyan ɗaya daga ƙasashe daban-daban, ta kuma nuna a littafinta na 1969 cewa hanya ɗaya suke bi: layuka a hargitse, sannan da'ira, sannan rana mai ƙafafu, sannan mutum. Kafin ita, Viktor Lowenfeld a 1947 ya sa matakin jagwalgwalo tsakanin shekara 2 zuwa 4, ya ce daga 4 zuwa 7 ne siffofi ke fara bayyana ba tare da tsari tsayayye ba. Likitocin yara ma da irin wannan ma'aunin suke aiki. Galibi ɗan shekara 3 na iya kwaikwayon da'ira, ɗan 4 layi biyu a gicciye, murabba'i sai ya doshi 5, alwatika kuwa kan jira har 5 ko 6. Dalilin a jiki yake. Ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu guringuntsi ne lokacin haihuwa, sannu a hankali suke ƙwari cikin shekaru. Yaro da kafaɗa yake fara jan layi, sannan gwiwar hannu, sannan wuyan hannu, yatsu su zo a ƙarshe.

Iyaye kan kafa hujja da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A tarbiyya haka ne. A riƙon fensir, matsawa kafin lokaci tana sa yaro ya danne takarda har ta yage, hannunsa ya gaji, ya tsani littafin gaba ɗaya. Ina ganin makarantun da ke ɗora wa ɗan shekara uku shafuka na aikin gida don su burge iyaye suna cutar da yaran, ko da niyyarsu mai kyau ce.

A lungun nan, taku kaɗan daga firamaren, akwai makarantar allo a wani zaure, kuma tsarinta ya fi haƙuri. Ƙolo ba ya fara da rubutu. Malam ko gardi ne ke rubuta masa a allo, shi kuma ya bi da yatsa yana biyawa, babbaƙu tukuna, farfaru daga baya. Sai an ga hannunsa ya nuna ake ba shi alƙalami da tawada ya rubuta da kansa. Zayyanar da ake ƙawata allon sauka da ita, mai layuka siraran da ba sa karkacewa, aikin hannun da aka bai wa lokacinsa ne.

A lokacin tara na tsaya a filin makarantar ina kallon hannayen da aka ce ba su iya komai ba. 'Yan mata sun zana gidajen 'yar gala-gala a ƙasa da tsinke, wasu na carafke da tsakuwa, ana jefa ɗaya sama a kwashe na ƙasa kafin ta sauko. Wani yaro yana huda ɓargon kara da sili yana haɗa mota. Duk motsin da fensir zai nema a wurin babban yatsa da manuniya yana cikin waɗannan wasannin. Malamar ta gane haka, shi ya sa take da faranti cike da rairayi a kusurwar aji, take kuma barin su su yi ta ja da gawayi a kan kwali. In yaro ya kawo mata zane ba ta gyara masa, tambayarsa take yi ko wane ne wannan, me yake yi. Daga nan labari ke ɓarkewa.

Abu ɗaya ya dame ni a ajin, wato bahago. Akwai yarinyar da ke ɗaukar alli da hagu, ta waiga, ta yi sauri ta mayar dama. A gida ake tsawata mata. Koyar da yaro ci da karɓa da dama ladabi ne da addini ya tanada, amma tilasta masa rubutu da hannun da ba nasa ba ne ke jawo mummunan rubutun da za a zo ana dukansa a kai.

Akwai kuma inda damuwar uwa ke kan hanya. Yaron da ya kai shekara biyar bai iya kwaikwayon da'ira ba, ko yake kai takarda daf da idonsa, ko hannu ɗaya ya zama ba ya amfani da shi sam, ko ya daina abin da a da yake iyawa, wannan likita ya kamata ya gan shi, a duba ido da ji da ƙwarin jikinsa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen yara, kuma daga cikin birni tafiyar ba ta da nisa.