Limamin da Ke Tambaya Kafin a Ɗaga Sanda

Gaisuwa ta musamman ga 'yan uwa da ke zaune a garuruwan da ba nan aka binne cibiyar kakanninsu ba, daga Sabo ta Ibadan zuwa Agege, daga Ama Hausa ta Owerri zuwa Jos. Daga Ƙofar Wambai nake rubuto muku, amma ta Bauchin Yakubu, ba ta Kano mai kasuwar gwanjo ba, ko da yake daga can Kanon mahaifina ya taso da fataucinsa tun kafin a haife ni. Yau ina so mu tattauna kan wani nau'in labari da Turawa ke ji da shi, wanda a ganina mu baƙi mun fi su bukatarsa.

Labaran binciken kisan kai iri-iri ne. Akwai masu harbe-harbe da tseren mota, irin na James Hadley Chase da yayyenmu suka yi yayi. Akwai kuma masu sanyi, waɗanda ake ginawa a ɗan ƙauyen da kowa ya san kowa, ga coci ga shagon shayi, kwatsam wata safiya sai a tsinci gawa a lambu. Ba a nuna jini, ba a firgita mai karatu. 'Yan sanda su zo su yi caraf da wanda ya fi kama da mai laifi, sai malamin addinin garin, wanda ba shi da bindiga ba shi da kaki, ya shiga bin gida-gida yana shan shayi yana tambaya, har gaskiya ta yi halinta.

Uban tafiyar shi ne Fada Brown, wani ɗan gajeren limamin Katolika mai yawo da tsohuwar laima, wanda marubuci G. K. Chesterton ya ƙirƙiro a 1910. Ya samo siffarsa daga wani abokinsa, Fada John O'Connor. A 2013 tashar BBC ta mayar da shi wasan talabijin, inda Mark Williams ke fitowa a kan keke a wani ƙauyen ƙirƙira mai suna Kembleford, a shekarun 1950. Bayansa akwai Sidney Chambers na James Runcie, limamin cocin Angilika a ƙauyen Grantchester kusa da Kembirij, wanda aka fara nunawa a 2014. Yahudawan Amurka ma suna da nasu, Rabbi David Small, da Harry Kemelman ya fitar a 1964.

Abin da ya ja hankalina ga Fada Brown shi ne inda ya samo basirarsa. Shekara da shekaru yana zaune mutane na zuwa suna faɗa masa zunubansu a asirce, saboda haka ya san yadda zuciyar ɗan Adam ke karkata zuwa ɓarna fiye da duk wani sufeto. Kuma idan ya gano mai laifi, abin da ya fi damunsa shi ne mutumin ya tuba, wanda aka kama bisa kuskure kuma a sake shi. Hatta gawurtaccen ɓarawon nan Flambeau, a ƙarshe ya bar sata ya zama amininsa.

To mai karatu, wa ya fi limamin unguwarmu dacewa da wannan kujera? Shi ke raɗa suna, shi ke ɗaura aure, shi ake kira rabon gado, shi ke sallar gawa. Ya san wanda ake bi bashi, ya san gidan da aka kwana ana rigima, ya san wanda kwana uku ba a gan shi sahun asuba ba. Kuma ba aron hannu za mu yi wajen Turawa ba, domin littattafan zaure cike suke da irin wannan hikima. Ibnul Ƙayyim ya kawo labarin Iyasu ɗan Mu'awiya, alƙalin Basra a zamanin Umar ɗan Abdul'aziz. Wani ya yi ƙarar abokinsa cewa ya ba shi ajiyar kuɗi a gindin wata bishiya, abokin ya ce shi bai ma san wurin ba. Iyasu ya tura mai ƙara ya je ya dubo bishiyar, ya zaunar da ɗayan, ya ci gaba da sauraren wasu shari'u. Can da ya ga mutumin ya saki jiki, sai ya waiwayo ya tambaye shi ko yana jin abokin nasa ya isa wurin yanzu. Ya ce a'a, ai da sauran tafiya. Shi ke nan, bakinsa ya yanka wuyansa.

Duk da wannan gado, a littattafan Hausa da suka biyo ta hannuna malami wani matsayin yake riƙewa. A waɗanda suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja ɗan dabara ne mai shiga rigima, shi kuwa Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke nan garinmu, malami ne mai bai wa almajiransa labarin rayuwarsa. A littattafan kasuwar Kano da finafinai kuma, malam ko dai mai nasiha ne a ƙarshen labari, ko mai tsibbun da kishiya ke kai wa kuɗi.

Na yi ta tunanin dalili, na hango guda biyu. Na farko, mu mutum ya rasu da safe kafin la'asar an kai shi makwancinsa, a ce kwanansa ne ya ƙare. Gaggauta jana'iza sunna ce, amma tambayar da ba a yi ba kafin a rufe likkafani da wuya a sake yin ta. Na biyu, tarbiyyarmu ta rufin asiri ce, kuma Suratul Hujurati ta hana bin diddigin sirrin mutane. Sai dai surar nan ita ce kuma ta yi umarni a bincika labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci, ta kuma gargaɗe mu kan yawan zato. Abin takaici, mun riƙe rabin farko gam, rabi na biyun mun sake shi. Ba ma tona asirin ɗan gida, amma zato ɗaya ya isa a yi wa baƙo taron dangi.

Bari in ba ku abin da na gani da idona a layin shagunan da mahaifina ke zama. Wata rana bayan azahar wani maƙwabcinmu ya buɗe aljihun teburinsa bai ga cinikin ranar ba. Nan take ido ya koma kan wani yaro ɗan dako da bai fi wata biyu da zuwa daga Nijar ba. Kafin ka ce kwabo an shaƙe masa wuyan riga, wani har ya ɗauko gora. Limamin masallacin layin, dattijo ne mai sayar da hatsi, ya ratsa taron ya kama hannun yaron ya shigar da shi shagonsa, ya zauna a bakin ƙofa. Bai yi wa'azi ba. Cewa ya yi, “Alhaji, an fasa makullin ne?” Aka ce a'a. “Da ka tafi alwala, hannun wa ka bar makullan?” Alhaji ya yi shiru. “Kuma ɗazu na ji an faɗi adadin kuɗin. Kai ka ƙirga su ka faɗa?” Alhaji ya ce shi bai kai ga ƙirgawa ba tukuna. Liman ya ce kowa ya koma shagonsa.

Bayan magariba ya miƙe a masallaci ya ce kuɗi sun dawo, kuma yaron nan ba shi da hannu, duk wanda ya taɓa shi ya nemi gafararsa. Bai ambaci sunan kowa ba, har yau kuma bai ambata ba, ko da yake duk wanda ya ji tambayoyin nan uku ya san daga wane gida abin ya fito. Mutum biyu kacal suka je ba da haƙuri. Bayan mako guda yaron ya tattara ya bar garin, saboda yaran layi sun riga sun laƙaba masa suna. Liman ya ceci ransa, amma bai iya dawo masa da mutuncinsa ba.

Wannan ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025. Mafarauta ne suka taso daga Fatakwal za su Kano yin Sallah, aka tare motarsu, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne. Mutum 16 aka kashe ba tare da an kai su gaban alƙali ba. Kada kuma mu ɗauka ciwon na wasu ne kawai, don mu ma a kasuwanninmu na Arewa mun san abin da ke biyo bayan ihun “ɓarawo”. Duk wanda ke zaune a garin da harshensa ya bambanta da na masu gari ya san cewa ranar da abu ya ɓace, shi ne farkon wanda za a duba.

Amma mun ga kuma abin da liman ɗaya zai iya. A watan Yunin 2018, lokacin da aka kai hari yankin Barikin Ladi a jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye mutum 262, Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a waje ya ƙi ba da su. A 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi. Shi ba bincike ya yi ba, amma ya yi abin da ke gaba da bincike, wato tsayawa tsakanin taro da wanda ake nema.

Wannan ya sa nake roƙon marubutanmu su ba mu limami mai bincike na kanmu, mai buta da carbi da tsohon keke, a wata unguwa mai kama da tamu. Yaron da ya tashi yana karanta labarin da kullum wanda aka fara kamawa ba shi ne mai laifi ba, zai yi nauyin hannu ranar da ya ji ihu a kasuwa. Mu kuma da ke zaman baƙunci, mu girmama limamai da sarakunan Hausawan da ke shiga tsakani, mu saba wa kanmu da tambaya kafin hukunci, ko da wanda ake zargin ba namu ba ne.

Allah Ya tsare mu da zato, Ya kare mu daga sharrin taro, Ya jiƙan waɗanda aka zalunta. Sai mun sake haɗuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.