Haƙorin Mai Gadi

Na san daga ganin kan wannan rubutu wata za ta taɓe baki ta ce, "Oh ni 'yasu, duk abin da ya dami mata a rasa na faɗa sai haƙorin kare?" To 'yar uwa, yi haƙuri ki ƙarasa karantawa. Mu da aure ya kawo mu Kaikai a ƙasar Kusada mun san cewa gidan da ke bakin gari, mai awaki da tumaki da shanun huɗa, ba ya samun barci mai daɗi sai da kare a ƙofa, balle a 'yan shekarun nan da ɓarayin dabbobi suka addabi jihar Katsina. Malamai ma sun sanar da mu an yarda a ajiye kare don gadin dabbobi da gona da kuma farauta. Maigida ne dai ke bugun ƙirji yana cewa "karena", amma tsakani da Allah wa ke zuba masa abinci? Uwargida ce. 'Ya'yan wa ke ja masa wutsiya a tsakar gida? Nata ne. Don haka sanin bakin kare ya fi zama dole a kanmu.

Kwikwiyo ba da haƙori ake haihuwarsa ba. Sai ya yi kamar sati uku suke fara tsirowa, guda 28, masu tsini kamar ƙaya. Daga wata huɗu zuwa bakwai sai ya yi famfara kamar yadda yaranmu ke yi, manya su fito guda 42, ya fi mu da goma ke nan. A wannan lokacin ne za ki ga ya cinye miki silifas ya yage bakin tabarma. Ba iskanci ba ne, dasashi ne ke masa ƙaiƙayi. Maimakon duka da muciya, nemo masa abin taunarsa daban. Waɗannan 42 kuwa su ne ƙarshe, duk wanda ya faɗi ya tafi ke nan.

Abin da muke ba karnukanmu mun san shi: ragowar tuwo, jiƙaƙƙen ƙanzo, kunun da ya kwana, wani lokaci dusa. Duk abinci ne mai laushi da ke liƙewa. Yakan bar wani danƙo a gindin haƙori, wanda in ba a goge ba cikin 'yan kwanaki sai ya sandare ya zama kamar tsatsa, ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa, ta yadda tsumma ba zai ƙara iya cire shi ba. A ƙarƙashinsa ƙwayoyin cuta ke cin dasashi, ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa jini, a hankali haƙori ya soma girgiɗa. Likitocin dabbobi sun ce yawancin karnukan da suka wuce shekara uku suna ɗauke da wani abu na wannan ciwo. Mu kuwa in mun ji warin sai mu ce ai dama bakin kare ne, alhali ɗoyi irin na ruɓa alamar ciwo ce. Shi kuma kare ba ya kai ƙara. Sai dai ki ga yana tauna da gefe ɗaya, ko lomar na faɗo masa, ko ya rame. Mai gadin da ciwon haƙori ya hana cin abinci, da wane ƙarfi zai bi ɓarawo?

Gyaran ba tsada. Tsumma mai tsabta a naɗe a yatsa, a tsoma a ruwan ɗumi, a ɗaga leɓensa a goge haƙoran ta waje, musamman na can ƙurya. Ko a sayi buroshin yara mai laushi a ware masa. Kullum ya fi, in ba hali ko sau uku a sati. Amma da sharaɗi: karen gidanki ne da ya saba da hannunki tun yana kwikwiyo, an yi masa allurar rigakafi, kuma yana cikin lafiyarsa. In kina ƙyanƙyami, ni ma ina yi, sa leda ko safar hannu, ko ki ɗora wa maigida aikin tunda nasa ne. Bayan an gama a wanke hannu da sabulu. Kaskonsa kuma daban, kada ya kusanci kwanukan gida, kin huta da wanki bakwai ke nan. Kada a kuskura a sa masa makilin ɗinmu, domin mu muna tofarwa, shi haɗiyewa zai yi ya ɓata masa ciki. Haka nan ba kanwa ba omo. Sannan a ja wa yara kunne kan jefa masa cingam da cakulan, domin akwai cingam mai wani sinadarin zaƙi da kan kashe kare. Goro da albasa ma ba abincinsa ba ne.

Sai maganar ƙashi, wadda a nan ne nake saɓawa da mazan gidanmu. Su a wajensu kare da ƙashi ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Gaskiya ne tauna tana kankare haƙori, amma ba kowane ƙashi ba. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza da na zabo, tsagewa yake yi ya yi tsini ya soki dasashi ko hanji. Ƙashin ƙaurin sa kuma ya fi haƙori tauri, yakan fasa babban haƙorin nan na sama da kare ke datsa nama da shi. Ganda mai kauri ko jijiya sun fi, a ba shi yana gaban idonki, in ta zama guntuwar da zai iya haɗiyewa a ɗauke.

Bayan babbar sallar 2022 tsohon karen surukina, wanda ake kira Bar-su, ya wayi gari baki a buɗe, miyau na dalala, yana ta kai ƙafa yana karce fuska. Kafin ki ce kwabo samarin unguwa sun cika ƙofar gida da gora suna cewa ya haukace. Wani maƙwabci kuma ya naɗe hannun riga wai ƙashi ne, bari ya zura hannu ya ciro. Baba ya fito da sandarsa ya tsaya tsakani ya ce, "Ku tsaya mani. Ba mai kashe shi, ba kuma mai sa mashi hannu a baki." Sai ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ina katin nan na allura?" Na ce, "Yana cikin kwalla, Baba." Aka rufe karen a tsohon ɗakin awaki, aka kori yara, aka tura yaro da babur Kankia ya ɗauko malamin dabbobi. Da ya duba katin ya ga allurar ba ta shekara ba, sai ya yi masa ta barci ya buɗe bakin da ƙarfe. Guntun haƙarƙarin rago ne ya gitta a ganɗa tsakanin haƙoran sama, har ya fara ruɓar da wurin. Duk da haka ya ce a bar shi a rufe kwana goma a gani. Bar-su ya ƙara shekara biyu yana gadi.

Abin da malamin ya gaya mana ranar shi ne ya tayar mini da tsigar jiki. Ashe ciwon haukan kare iri biyu ne. Akwai mai cizo da gudu da kowa ya sani, akwai kuma na shiru, wanda muƙamuƙi ke saki, miyau ya riƙa zuba, kare ya kasa haɗiya, kai ka rantse ƙashi ne ya maƙale masa. Ana iya ɗaukar cutar ta hanyar zura hannu don taimako, domin a cikin yawu take, ƙaramin ƙwarzane ya ishe ta shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Amma rigakafi yana nan tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya ceci wani yaro da shi a Faransa. A nan gida kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos tana yin na karnuka. Ana yi wa kwikwiyo yana wata uku, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara. Katin kuma ke za ki adana shi, don in aka bar wa maza a aljihun riga, wanki ɗaya ya gama da shi.

In kuwa tsautsayi ya sa kare ya ciji yaro ko ya lashi inda yake da rauni, ko na gida ne ko baƙo, kada a tsaya neman gashin karen a ƙona, kada a shafa barkono ko toka a ɗaure. A wanke wurin da sabulu ana kwarara ruwa har minti 15 cur, a duba agogon waya, don ya fi yadda ake zato tsawo. Daga nan sai asibiti a ranar, ba gobe ba, a faɗa musu kare ne, a karɓi allurai har a cika adadin da suka ce ko da ciwon ya warke. Karen kuma in an san shi a tsare shi kwana goma da ruwa da abinci, a sanar da malamin dabbobi, in ya mutu a cikin kwanakin kada kowa ya taɓa gawar da hannu.