Kuje: Ina Iyali Za Su Sha Iska?

Matafiyin da ya bar tsakiyar Abuja ya bi hanyar filin jirgin sama, tafiyar kamar kilomita 40 za ta kai shi Kuje, garin Gomo, ƙasar manoman doya da dawa. A bayansa ya baro lambunan babban birni, watau irin su Millennium Park na Maitama, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a 2003.

A Kuje kuwa, inuwar mangwaro ita ce wurin hutawar dattawa, filayen makarantu kuma nan samari ke buga ƙwallo da la'asar. Amma tun da gwamnati ta tare a Abuja a 1991, tsadar haya ke ta turo ma'aikata nan, gonaki suna komawa fulotai, ana sare itatuwa ana aza bulo.

Magidancin da ke son fita da iyalinsa ran Salla, ko dai ya biya kuɗin shiga lambun 'yan kasuwa, ko ya tanadi kuɗin mota zuwa birni. Ya kamata hukumar Kuje ta keɓe wa jama'a fili, ta dasa itatuwa, tun ƙasa ba ta gagari saye ba.