Waƙar da ba taka ba

A gidanmu na Salaga rediyo na Baba ne, amma zaɓen waƙa na kowa ne. Bayan sallar isha'i ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, abokansa su taru, a hau gardamar abin da za a rubuta a katin zaɓi sonka na makon. Telan unguwarmu bai san kowa ba sai Mamman Shata. Wani tsohon direba ya nace sai E.T. Mensah, wai shi ne ya raka shi hanyar Kumasi shekara da shekaru. Iyayenmu mata kuma su aiko ni daga cikin gida, a sa musu Lata Mangeshkar.

Baba kuwa zaɓinsa ɗaya ne, gogen Dagomba, gaisuwa ga amininsa na Yendi da suka yi fataucin goro tare. Tela yakan tsokane shi: "Alhaji, ko kalma ɗaya ba ka ji a waƙar nan." Sai ya ce, "Malam, ai ba ni zan ji ba, shi zai ji."

A 1994 yaƙi ya ɓarke a yankinmu, ya shafi Salaga, ya shafi Yendi. Hanya ta mutu. Muka yi makonni ba labarin aminin Baba, ko yana raye ko ya rasu. Wani dare mai gabatarwa ya karanto gaisuwa daga Yendi zuwa ga wani Alhaji a Salaga, aka saki kuntigin Ɗan Maraya Jos. Kowa a tabarmar ya san mutumin nan ba ya ƙaunar kuntigi, Baba ne ke so. Ranar na fara ganin hawayen mahaifina.

Yanzu aiki ya kai ni Bawku, inda dokar hana fita takan kulle mu a gida tun da wuri. Muna da zauren masu sauraro a WhatsApp, inda muke tattara zaɓinmu kafin mu aika gidan rediyo. Wannan ya turo Bob Marley, wancan Oumou Sangaré, yara su kawo Fancy Gadam da Ali Jita, wani ya ce sai King Ayisoba. Kwanan baya wani dattijo ya kawo shawara a daina zaɓen waƙoƙin harsunan garin, don kada a ce mun ɗauki ɓangare a rikicin sarautar Kusasi da Mamprusi. Yana da hujja, tsoronsa kuma ba na banza ba ne. Saura kaɗan in yarda.

Sai na tuna maƙwabcina da muka yi wata biyar ba mu shiga gidan juna ba. Na zaɓi waƙa da harshensa, wadda ko kalma ɗaya ban ji ba, na sa sunansa a gaisuwar. An karanta ranar Asabar.

Har yau bai ce mini komai ba. Amma duk Asabar rediyona a kunne yake.