Duba-garin da Ke Jiran Jirgin Kamfani

Bututun mai ba ya shiga labarai sai ranar da ya fashe. Shekara da shekaru yana kwance a ƙarƙashin gonaki da fadamu da unguwanni, yana ɗauke da dukiyar da ake raba wa jihohi duk wata, ba mai tunawa da shi. Ranar da ya yi aman wuta kuwa, sai ka ga manya sun iso da jiniya, a yi jaje, a kafa kwamiti, a la'anci ɓarayi. Ni abin da ya daɗe yana cin raina shi ne shekarun da ke tsakanin ranar da aka binne bututu da ranar da ya fashe. A tsawon wannan lokaci, wa ke zuwa duba lafiyarsa? A motar wa yake zuwa? In ya ga aibu, wa ke jin maganarsa?

A rediyo na fara jin sunan Jesse, cikin watan Oktoba na 1998. Gari ne a jihar Delta, inda bututun da ke ɗauko fetur daga matatar Warri zuwa Kaduna ya ratsa. Bututun ya tsage, fetur ya malale, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna ɗiba, sai wuta ta tashi. Mutum fiye da 1,000 suka rasu, da yawa a kabari guda aka rufe su domin ba a iya gane su ba. Gwamnatin soja ta lokacin ta ce babu diyya, tunda ɗibar abin da ba nasu ba suka je yi. A teburan mai shayi na unguwarmu ma hukuncin ke nan: kwaɗayi mabuɗin wahala. Ban ji wanda ya tuna cewa fetur ɗin da ya ƙone su gidajen man garuruwanmu ya nufo ba. Ban kuma ji wanda ya tambaya ba: man da ya zuba har ya yi tafki, me ya hana a rufe shi tun kafin mutum na farko ya iso da bokitinsa?

Shekara goma bayan haka, a watan Mayu na 2008, aka sake ganin wuta a Ijegun da ke Legas. A nan babu ɓarawon da za a ɗora wa laifi. Katafila ce mai aikin hanya ta soki bututu, kusa da makaranta, mutane suka hallaka har da yara. Da akwai wanda ya tsaya da taswira a hannu ya ce wa direban, "Kada ka haƙa nan," da wataƙila yaran sun koma gida.

Kula da bututu ba sihiri ba ne. Ƙarfe ne, yana tsatsa, musamman a ƙasa mai gishiri da laima irin ta Neja Delta. Akwai shafen da ake yi masa, akwai 'yar wutar lantarki da ake sa masa don rage tsatsa. Akwai na'urar da ake turawa ta bi cikinsa daga farko har ƙarshe, tana auna kaurin ƙarfen, tana nuna inda ya ci. Akwai ma'aunin da ke sanar da ɗakin kula cewa ƙarfin turin mai ya faɗi, alamar yoyo, don a rufe bawul nan take. Akwai filin da ake warewa hagu da dama, wanda ba a gini a kansa, ba a haƙa. Duk waɗannan kuɗi suke ci, kuma riba ba ta son kashe kuɗi a kan abin da bai faru ba tukuna. Dalilin da ya sa ake buƙatar hukuma ke nan.

Dokoki kuwa ba mu rasa su ba. Dokar bututun mai ta Nijeriya tun 1956 take, ta girmi 'yancin kai. A 2006 aka kafa hukumar NOSDRA don gano malalar mai da kai ɗauki. A 2021 dokar masana'antar man fetur, wato PIA, ta rushe tsohon sashen DPR, ta kafa sababbin hukumomi biyu, NUPRC da NMDPRA. In takarda ce ke toshe yoyo, da ɗigo ɗaya bai taɓa ƙasa ba.

Duk lokacin da nake tunanin wannan al'amari, duba-gari ne ke faɗo mini a rai. Kakata ta sha ba mu labarinsu na zamanin En'e. Ta ce da zarar yaro ya rugo ya ce ga su nan a bakin layi, sai gida ya kacame: wannan ta tuntsurar da randa, waccan ta ɗauki tsintsiya. Duba-gari zai leƙa randa, in ya ga tsutsar sauro, sai maigida ya tsinci kansa gaban alƙali. Na taɓa tambayarta ko dukan mutane suke yi da ake tsoronsu haka. Ta yi dariya ta ce, "Kai ɗan nan, wane duka? Ba ya aiko cewa zai zo, kuma ko ruwan gidanka ba ya sha. To ta ina za ka kama shi?" Ba na cewa duk duba-garin da aka yi tsarkakakku ne. Amma a 'yan kalmomin nan tsohuwar ta faɗi sharuɗɗan sa ido gaba ɗaya: ka zo da ƙafarka, ka zo ba sanarwa, kada ka ci na wanda kake dubawa, kuma a bayanka akwai hukuncin da ke da zafi.

Mu auna duba-garin bututu da wannan mudu. Idan mai ya malala a Neja Delta, ana haɗa tawagar bincike: wakilin hukuma, wakilin kamfani, wakilin al'ummar da abin ya shafa. Su je wurin, su rubuta sanadi, su ƙiyasta yawan man da ya zuba, kowa ya sa hannu. A fuska tsari ne mai kyau. Sai dai wuraren nan cikin surƙuƙin ruwa suke, ba a isa sai da kwalekwale mai inji ko jirgi mai saukar ungulu. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar kan ƙasar Ogoni a 2011 ya nuna cewa hukumomin gwamnati kan dogara da kamfanonin ne wajen kai su inda za su duba. Ƙungiyar Amnesty International ma ta bi diddigin wannan tsari a 2013, ta nuna yadda kamfani ke da rinjaye wajen faɗin sanadi da adadi. Wato wanda ake tuhuma shi ke zaɓen ranar tafiya, shi ke kawo abin hawa, injiniyansa ke riƙe da kayan awo. Wanda ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Kalma ɗaya a takardar nan tana iya raba gari da haƙƙinsa. A ƙarƙashin dokar 1956, in tsatsa ko sakaci ya jawo malala, kamfani zai biya diyya. In aka rubuta cewa wasu ne suka fasa da gangan, kamfani na da hujjar ƙin biya. Masuncin da kifinsa ya mutu bai san wanda ya fasa ba, bai kuma san kaurin ƙarfe ba. Abin da aka rubuta shi zai ci ko ya rasa.

Abin da ya faru a Bodo, a ƙasar Ogoni, ya isa misali. A 2008 bututun Trans-Niger na kamfanin Shell ya yi yoyo har sau biyu, mai ya shafe makonni yana kwarara cikin ruwan da mutanen garin ke kamun kifi. Takardar binciken malalar farko ta ce ganga 1,640 ce ta zuba. Mutanen Bodo suka ce ƙarya ne, suka kai ƙara Landan. A can kamfanin ya amsa cewa alƙaluman sun gaza abin da ya zuba a zahiri. Takardunsa na cikin gida da suka fito a shari'ar sun nuna tun 2002 an san cewa yawancin manyan bututunsa sun ƙare kwanakinsu ko sun kusa. A Janairun 2015 ya amince ya biya fam miliyan 55, ga mutum kusan 15,600 da kuma al'ummar garin. Tsakanin 2002 da 2008 shekara shida ce cif. Wannan ita ce tazarar da ya kamata a ga ƙafar hukuma a ciki.

Haka manoma huɗu daga Oruma da Goi da Ikot Ada Udo suka shigar da ƙara a ƙasar Holan tun 2008. Sai a Janairun 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Hague ta ɗora wa reshen Shell na Nijeriya alhakin malalar Oruma da Goi, ta kuma umarci a sa wa bututun Oruma na'urar gano yoyo. Wannan umarni ya fi kuɗin diyyar tsaya mini a rai. Aiki ne da jami'i ɗaya a Fatakwal zai iya tilastawa da wasiƙa guda, amma sai da aka yi shekara 13 ana shari'a a wata nahiya, wasu daga cikin masu ƙarar ma ba su ga ƙarshenta ba.

Ko jami'in ya yi ta maza, bulalarsa ta kara ce. Dokar NOSDRA ta 2006 ta sa tarar naira 500,000 a kowace rana ga kamfanin da ya ƙi ba da rahoton malala cikin awa 24, da naira miliyan ɗaya ga wanda ya ƙi share wurin. Miliyan ɗayan nan a yau ba ta kai kuɗin ganga 20 ta ɗanyen mai ba, alhali babban bututu na tura sama da ganga 100,000 a yini. Ga kuma wani ƙulli: a haɗin gwiwar da ke da bututun Bodo, kamfanin mai na ƙasa, NNPC, shi ke da kashi 55 cikin ɗari. Gwamnatin da za ta ce a rufe bututu a gyara, ita ce aljihunta zai fara jin rufewar.

Ban manta da ɓarayi ba. Ana fasa bututu, ana satar ɗanyen mai, ana dafa shi a daji, kuma ɓarnar da hakan ke yi ba ƙarama ba ce. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bututun da ake sintiri a kansa, wanda ke sanar da yoyo cikin mintuna, ko an fasa shi ba zai yi wata guda yana zuba ba. Tsare bututu daga ɓarawo wani aiki ne, tsare jama'a daga bututu wani aiki ne daban, kuma na biyun shi aka fi mantawa.

Wani zai ce ina ruwan mai karatu a Kano ko Maraɗi da kogunan Ogoni. To tun da daɗewa akwai bututun da suka tashi daga Kaduna zuwa Kano da Gusau da Jos da Gombe har Maiduguri. Ga bututun iskar gas na AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. A Nuwamban 2022 an ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe. A Nijar, bututu mai kusan kilomita 2,000 ya fara kai ɗanyen man Agadem gaɓar tekun Benin a 2024. Gemun ɗan'uwanmu ya daɗe da kama wuta, ga shi namu yana tsiro.

Kwanakin baya na bi ta wata sabuwar unguwa a bayan gari, na ga ginshiƙan siminti jere, rubutun jikinsu ya goge. Hanyar bututu ce. An yi shaguna a kanta, wata baiwar Allah na suyar awara dab da ɗaya daga cikin ginshiƙan. Na tarar da mai unguwa a ƙofar gidansa, muka gaisa, na ce, "Ranka ya daɗe, in aka wayi gari ana jin warin mai a nan, wa za ku kira?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, sai dai mu kira hakimi." Na ce yaushe rabon da wani ya zo dubawa? Ya ce shi dai tun da aka naɗa shi bai ga kowa ba.

Abin da nake fata bai fi ƙarfin gwamnati ba. A ba mai dubawa jirginsa da motarsa da kayan awonsa, don ya je ranar da ya ga dama. A tilasta wa kowane kamfani ya bayyana shekarun bututunsa da sakamakon awon ƙarshe da aka yi masa, yadda ɗan jarida da ɗan majalisa za su iya karantawa. A mayar da tara ta zama mai sa shugaban kamfani ya kasa barci. A rubuta lambar waya a jikin kowane ginshiƙi, wadda in an kira za a ɗauka. Kuma tun yanzu, kafin a gama binne sababbin bututun, sarakuna da 'yan majalisar garuruwan da suke ratsawa su nemi a faɗa musu sunan hukumar da za ta riƙa dubawa, da yawan jami'anta, da kuma wanda zai riƙa zuba mata mai a mota.