Kafin Ka Bar Android Ka Koma iPhone, Dubi Wayar Maƙwabcinka

Duk shekara idan 'yan cirani suka dawo gida gab da damina, akwai gardamar da ba ta ƙarewa a majalisun matasan Sukukutane: wace salula ce ta fi, iPhone ko Android? Akasari maganar kan tsaya ne a kan kyan hoto da tsada da wanda ya fi wani burgewa. Ni da na riƙe kowacce, abin da na gani shi ne, a ƙauye waya ba ta mutum ɗaya ba ce. Amfaninta yana rataye ne da irin wayar da ke hannun mutanen da kake hulɗa da su.

Kowace wayar zamani tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Ta iPhone ita ce iOS, ta kamfanin Apple, kuma tun fitowar iPhone a 2007 ba ta hawa wayar wani kamfani. Android kuwa ta Google ce, wayarta ta farko ta fito a 2008, kuma kamfanoni da yawa ke amfani da ita. Shi ya sa Samsung da Tecno da Itel da Infinix duk yarensu ɗaya. Ukun ƙarshen nan ma gidansu ɗaya, wato kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, kuma su ne suka cika hannuwan mutane daga Dogondutse har Sakkwato.

Na yi shekaru da Tecno kafin wana da ke Kwatano ya aiko mini da iPhone 11 ta hannu. Abin da ya fi damuna a lokacin ba hotuna ba ne. A cikin WhatsApp ɗina akwai saƙonnin murya na mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, inda ya bayyana iyakar gonarmu ta gabas da sunayen waɗanda yake bi bashi da waɗanda ke binsa. Babu takarda, muryar nan ita ce shaida.

A nan ne ya kamata mai shirin ƙaura ya natsu. Android tana ajiye hirar WhatsApp a Google Drive, iPhone kuma a iCloud, kuma ɗaya ba ta buɗe ajiyar ɗaya. Hanyar ita ce manhajar Move to iOS da Apple ya fitar a 2015, wadda tun 2022 take iya kwashe hirar WhatsApp. Sharaɗinta shi ne lambar ta zama ɗaya, kuma iPhone ɗin ta zama sabuwa ko an goge ta tas. Wanda ya yi gaggawar buɗe WhatsApp a sabuwar waya, sai ya sake goge ta kafin tsohuwar hira ta shigo. Na kwashe nawa lafiya, amma sai da na fara tura saƙonnin nan ga ƙannena biyu, kuma ban saki tsohuwar wayar ba sai da na saurari kowanne a sabuwar.

Bayan ƙaura ne bambancin gaske ya fito. A wajenmu ba kowa ke sayen data don ya saurari wa'azi ko ya kalli fim ba. Ana zuwa wurin mai caji ne a loda a katin memori, ko a tura daga waya zuwa waya ta Bluetooth. iPhone ba ta da ramin katin memori, ba ta kuma karɓar fayil daga Android ta Bluetooth. Tata hanyar ita ce AirDrop, wadda aka yi don kayan Apple. Akwai Xender a ɓangarorin biyu, amma haɗin yana son mai haƙuri. Ba ta da rediyon FM, alhali ƙaramar Itel tana kama labarai ko babu ko dala a layi. Bakin cajinta ma daban ne, don sai a iPhone 15 ta 2023 Apple ya koma USB-C. Ranar da na manta igiyata, duk rumfar mai caji babu wadda ta shiga.

Sai maganar layi. Mutumin Arewa bai cika riƙe layi ɗaya ba: ga Airtel, ga Moov ko Zamani, wani ma da layin Najeriya saboda kasuwar Illela. Inda rezon wannan ya ɗauke, sai a koma wancan. Yawancin iPhone ramin sim ɗaya gare su, na biyun eSIM ne da ba a gani da ido. Waɗanda aka yi don kasuwar Amurka kuwa, daga iPhone 14 ta 2022, ba su da ramin sim kwata-kwata. Duk wanda ɗan'uwa zai aiko masa da waya daga can, ya tambayi wannan tun kafin a saya.

Gaskiya ɗaya ce, iPhone tana da nata fifikon. Apple yana daɗewa yana sabunta manhajarsa: iPhone 6s ta fito a 2015, amma ta samu iOS 15 a 2021. Ƙananan wayoyin Android masu araha ba su cika samun wannan gatan ba. Kuma tun 2013 akwai makullin iCloud da ke hana ɓarawo cin moriyar wayar. Sai dai makullin nan bai san ɓarawo ba, bai san mai saye ba. Wani abokina ya sayar da rago ya sayi ta hannu a wata kasuwa, da aka goge ta sai ta nemi kalmar sirrin tsohon mai ita. Yanzu tana cikin akwati. Wasu kuma tsofaffi ake kawo musu, alhali tun 2025 WhatsApp ya daina aiki a iPhone 5s da 6 da 6 Plus.

Yau ina riƙe da iPhone ɗin, da ƙaramar Itel a ɗaya aljihun don rediyo da layi na biyu. Wanda aikinsa ke Yamai, yana da wuta da Wi-Fi, ƙaurar ba za ta yi masa nauyi ba. Amma wanda mahaifiyarsa ke aron wayarsa ta ji muryar ɗanta na Abijan, wanda mai gyaransa na bakin tasha Tecno ya iya, ya yi lissafi da su kafin ya yi da kyamara. In kuma ka yanke shawarar saye, sa mai sayarwa ya cire iCloud ɗinsa a gabanka, ka sa layinka ka kira, sannan ka ƙirga kuɗi.

Allah ya sa mu dace.